Yadda ake sa jarrabawa ɗaya ta yi aiki a satifiket biyu ko uku

Duk wanda ya taɓa neman gurbin jami'a a Najeriya ya san zancen haɗa sakamako: Turanci da Lissafi daga WAEC, sauran darussa daga NECO, a haɗa su a samu kiredit biyar a zama biyu. Satifiket ɗin ƙwarewa na kamfanonin fasahar kwamfuta irin su Microsoft da Cisco da CompTIA suna da wani abu mai kama da wannan, sai dai a juye. A can takardu biyu ake haɗawa su biya buƙata ɗaya, a nan jarrabawa ɗaya ce ake ƙirga maka ita a wuri biyu ko uku. Da dala ake biyan kuɗin waɗannan jarrabawa, ka kuma san yadda dala take, don haka kowace guda da ka rage a hanya kuɗin cefanen wata ne ya dawo aljihunka.

Na sha zama da matasa ina zana musu wannan lissafi, kuma kusan kullum ɓarnar a wuri ɗaya take faruwa: mutum ya biya kuɗi, ya zauna, ya ci, sannan ya zo yana tambayar me jarrabawar za ta buɗe masa. Kafin a biya ake wannan tambaya.

Kayan da za ka tanada

Imel naka na kanka, wanda ba na ofis ba, ba na makaranta ba. Da shi za ka buɗe kowane asusu.

Katin shaida na gwamnati mai hoto, fasfo ya fi. Ka ajiye shi a gabanka lokacin rajista, za ka ga dalili.

Takardar Excel ko Google Sheets. In babu kwamfuta a hannu, littafi mai layi da biro sun wadatar, na farkon da na yi a bayan ajanda na zana shi.

Shafin kowane satifiket a gidan kamfanin da ke bayar da shi. Na Microsoft yana Microsoft Learn. Hoton taswira da ke yawo a WhatsApp ba ya cikin kayan aiki, yawancinsu sun tsufa.

Kalanda mai tunatarwa, ta waya ta isa.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Hanya huɗu ce jarrabawa ke yin aiki fiye da sau ɗaya. Akwai ta matakala, inda ƙaramin satifiket yake zama sharaɗin samun manya biyu. Akwai ta mahaɗa, inda jarrabawa guda take cikin jerin satifiket biyu daban. Akwai ta tarawa, inda ake ba ka wani sabon laƙabi kyauta don ka riƙe wasu satifiket tare. Sai ta sabuntawa, inda cin babbar jarrabawa yake sabunta wa'adin ƙananan da ke hannunka. Kowane kamfani da irin tasa, wani yana da biyu, wani ɗaya.

Abin ba sabo ba ne. A zamanin Windows Server 2003, jarrabawa huɗu ake ci a samu satifiket ɗin Microsoft mai suna MCSA, bakwai a samu babbansa MCSE, kuma 70-290 da 70-291 suna cikin duka biyun, saboda haka mai dabara yakan karɓi MCSA a kan hanyarsa ta zuwa MCSE. Microsoft ta rufe MCSA da MCSE da MCSD ranar 31 ga Janairun 2021. In ka ga wani yana tallar horo a kansu yau, ka wuce abinka.

Mataki na 1: Fara daga ƙarshe

Rubuta manyan satifiket biyu, ko uku in ya yi yawa, waɗanda kake so su kasance a takardar neman aikinka nan da shekara biyu. Ka ɗebo su daga tallan ayyukan da kake nema da gaske. Buɗe talla goma na irin aikin, ka ga sunayen da ke maimaituwa.

Kada ka wuce uku. Wanda ya jera bakwai bai san inda ya dosa ba tukuna, jadawalinsa kuma zai cika da layukan da ba sa haɗuwa.

Mataki na 2: Zana jadawali

A sama, kowane satifiket ya samu ginshiƙinsa. A gefen hagu, kowace jarrabawa ta samu layinta, da lambarta, don da lamba ake gane jarrabawa, suna yana rikitarwa. Buɗe shafin satifiket na farko, ka nemi wurin da aka rubuta sharuɗɗan samunsa, ka kwashe duk jarrabawar da aka ambata. A cikin akwatin da layi ya haɗu da ginshiƙi, ka sa harafi: D in dole ce, Z in tana cikin waɗanda ake zaɓar ɗaya, S in satifiket ne da ake so ka riƙe tukuna.

Ƙara ginshiƙai uku a ƙarshe: kuɗi, ranar da za a rufe jarrabawar in an sanar, da ranar da ka duba shafin. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi, alhali bayan wata shida shi ne zai gaya maka ko lissafinka ya kwana.

Mataki na 3: Nemo layin da ya fi cika

Wannan shi ne zuciyar aikin, bari in daɗe a nan.

Ɗauki wanda yake son manyan satifiket biyu na Azure, dandalin Microsoft na hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet, wato Solutions Architect Expert da DevOps Engineer Expert. Na farko yana buƙatar jarrabawar AZ-305, da sharaɗin riƙe Azure Administrator Associate, wanda da AZ-104 ake samunsa. Na biyu yana buƙatar AZ-400, sharaɗinsa kuma zaɓi ne: ko dai wannan Administrator ɗin, ko Developer Associate na AZ-204. In ka cike jadawali za ka ga layin AZ-104 ya taɓa ginshiƙai duka biyu, layin AZ-204 ɗaya kawai ya taɓa. Ke nan AZ-104, AZ-305, AZ-400: jarrabawa uku, satifiket uku, biyu daga ciki manya. Wanda ya fara da AZ-204 don abokinsa ya ce ita ce hanyar DevOps, ranar da ya waiwayi Architect sai ya koma ya zauna AZ-104, ya zama huɗu. Dala 165 ne kuɗin kowace a Amurka, farashin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka duba naka a shafin jarrabawar.

A ɓangaren tsaro ma haka ne. SC-300, ta kula da shaidar masu shiga da izininsu, tana cikin sharuɗɗan Cybersecurity Architect Expert, mai jarrabawar SC-100, tana kuma cikin na Microsoft 365 Administrator Expert, mai MS-102. Ƙofa ɗaya, ɗaki biyu.

Tsarin Cisco ya sha bamban. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2020, kowane CCNP, wato satifiket ɗin Cisco na matakin Professional, jarrabawa biyu ne: ta tushe, da ta reshe wadda kai za ka zaɓa. Ta tushen CCNP Enterprise ita ce 350-401 ENCOR, kuma aiki uku take yi: rabin CCNP ce, ita ce izinin zama jarrabawar aikin hannu ta awa takwas ta CCIE Enterprise Infrastructure, satifiket ɗin da ke sama da CCNP, sannan ita kaɗai tana ba ka satifiket ɗin Specialist. A wancan tsari an sa 300-435 ENAUTO a jerin rassan CCNP Enterprise da kuma na DevNet Professional, layin Cisco na masu rubuta manhaja, wato wanda ya zaɓe ta ya biya reshe ɗaya ya cike gurbi biyu. Daga baya an sauya wa layin DevNet suna ya koma Automation, to ka tabbatar da jerin na yau kafin ka dogara da ita. Ta tushe dala 400 ce, ta reshe 300, ka ga abin da zaɓi mai kyau ke ragewa.

CompTIA ta tarawa take yi. Mai satifiket ɗinta na A+ da Network+ yana samun laƙabin IT Operations Specialist, in ya ƙara Security+ ya samu Secure Infrastructure Specialist, ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba. Gaskiya ban cika ganin masu ɗaukar aiki suna neman waɗannan laƙabai da suna ba. In sun zo, ka karɓa, amma ba zan shawarci kowa ya karkata hanyarsa dominsu ba.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, a cikin satifiket ɗaya jarrabawa ba ta cike gurbi biyu. Tun zamanin MCSE dokar take: wadda ka ƙirga a dole ba za ta sake zama ta zaɓi ba. Na biyu, layin da ya fi cika ba koyaushe shi ne naka ba. In aikinka na kullum rubuta manhaja ne, ba ka taɓa kafa hanyar sadarwa a Azure ba, AZ-104 za ta ba ka wuya, faɗuwa biyu kuma ta cinye ribar da kake lissafi. Maki 700 cikin 1000 ake nema, kuma ba sa duba ko kai mai tsimi ne.

Mataki na 4: Asusu ɗaya, suna ɗaya

Kwamfuta ce ke haɗa maka jarrabawa, ba mutum ba. In ta ga AZ-104 a wani asusu, AZ-305 a wani, a wurinta mutum biyu ne kowanne da rabin aiki.

Wani yaro da muka yi aiki tare ya shigo ofis wata Litinin da waya a hannu, fuska a yamutse.

"Oga, na ci fa. Ga sakamakon. Amma ba su ba ni Expert ɗin ba."

Na karɓi wayar. Ya ci, babu shakka. Na ce ya buɗe min jerin satifiket ɗinsa, sai ga shi fayau, babu Administrator ɗin da na san ya ci bara.

"Wane imel ka yi amfani da shi a ta farko?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya. "Na tsohon wurin aikina ne, Oga. Su suka biya min."

Sun rufe imel ɗin tun ranar da ya ajiye aiki. An gyara daga baya, amma sai da ya yi ta rubuce-rubuce da tura hotunan takardu, aikin da ya so nema da satifiket ɗin kuma wa'adinsa ya wuce yana jira.

Saboda haka: a Microsoft Learn ka yi rajistar jarrabawa da asusunka na kanka, ko da ofis ne ya biya. In ana buƙatar na ofis don rangwame, ana iya liƙa shi a jikin naka. A Cisco lambarka mai farawa da CSCO guda ɗaya ce har abada, ka rubuta ta a jadawali, kada ka bari wata cibiyar jarrabawa ta buɗe maka sabuwa don sauri. Haka lambar CompTIA.

Sai suna, wanda mu ya fi shafa. Mutum ɗaya Muhammad ne a fasfo, Mohammed a katin banki, Muhammadu a takardar firamare, wani wurin ma sunan mahaifi ne a gaba. Kwafi abin da ke jikin katin da za ka nuna ranar jarrabawa, harafi bayan harafi. Masu sa ido na Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, suna kwatanta sunan rajista da na kati, in sun saɓa suna iya hana ka zama, kuɗin kuma ya tafi.

In ka riga ka yi asusu biyu, kada ka sake biyan wata jarrabawa sai ka nemi sashen taimako na kamfanin ya haɗe su. Tanadi lambobin asusun biyu, takardar sakamakon kowace jarrabawa, da hoton katinka.

Mataki na 5: Jera su bisa wa'adi

Kiredit yana mutuwa, kuma mataccen kiredit ba ya buɗe ƙofa. Satifiket ɗin Microsoft na matakin Associate da Expert shekara ɗaya yake yi. Na Cisco da CompTIA da AWS (dandalin Amazon mai kama da Azure) shekara uku. A Cisco, jarrabawar tushe da ta reshe dole su faɗo cikin shekara uku da juna kafin su haɗu su zama CCNP.

A misalin Azure, ranar da ka ci AZ-305 ko AZ-400 ana so Administrator ɗinka ya kasance da rai. To ko dai ka gama duka cikin shekarar, ko ka sabunta shi a hanya. Sabuntawar kyauta ce, a Microsoft Learn ake yi, babu mai sa ido, kuma tana buɗewa wata shida kafin wa'adi ya cika. Ka yi ta a makon da ta buɗe. In ka bari ya mutu, sai ka sake biya ka zauna cikakkiyar jarrabawa.

Ana iya cin babbar kafin ƙaramar, satifiket ɗin ne kawai ba zai fito ba sai an cika duka biyun. Ban ga amfanin yin haka ba sai ga wanda ya samu takardar rangwame mai gajeren wa'adi. Fara da ta mahaɗa, ita ce ke ba ka abin nunawa tun daga watan farko.

Bar sarari don faɗuwa. A Microsoft, in ka faɗi karon farko awa 24 za ka jira, daga na biyu kuma kwana 14 tsakanin kowane zama, ba kuma a wuce sau biyar cikin wata 12. Wanda ya ajiye jarrabawarsa kwana uku kafin sharaɗinta ya mutu ya fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 6: Duba ranar rufewa da lambar zubi

Kamfanonin nan suna rufe jarrabawa suna buɗe sababbi kusan kowace shekara, kuma sukan sanar watanni kafin lokaci. Microsoft tana da shafi guda na jerin waɗanda za a rufe, ka leƙa shi kafin kowane biya, har da jarrabawar da na ambata a sama.

Tarkon da ya fi kama sababbi yana A+. Jarrabawa biyu ce, kuma dole su zama 'yan zubi ɗaya. Wanda ya ci 220-1101 ta tsohuwar fitowa ba zai haɗa ta da 220-1202 ta sabuwa ba, ko da yake kowace rabin A+ ce. In ka ci rabin farko a tsohon zubi aka rufe shi kafin ka ci na biyu, rabin nan ya tafi. In zubi ya kusa rufewa kuma ba ka fara ba, shiga sabon kai tsaye.

Mataki na 7: Ƙirga sabuntawa a cikin riba

Nan akwai kuɗin da mutane ke bari a ƙasa. A CompTIA, cin Security+ yana sabunta Network+ da A+ da ke hannunka. A AWS, wanda ya ci Solutions Architect Professional ya sabunta Associate ɗinsa na wannan layi, wanda ya ci Associate kuma ya sabunta Cloud Practitioner. AWS ba ta da matakala ta dole tun 2018, kana iya zuwa babba kai tsaye, sai dai duk wanda ya ci jarrabawarta ana sa masa rangwamen rabin kuɗi na ta gaba a asusunsa. Na ga waɗanda suka biya cikakken kuɗi rangwamen yana zaune yana jiransu. A Cisco ma cin jarrabawar da ta fi taka girma yana sabunta ta ƙasa.

Sharaɗin duka ɗaya ne: ƙaramin ya kasance bai mutu ba ranar da ka ci babban. Microsoft ba ta cikin wannan sahu, kowane satifiket nata da sabuntawarsa, in kana da uku sau uku za ka yi a shekara.

Tsallaka kamfani kuwa, kada ka sa rai sosai. Inda ake yi ma da iyaka. Ƙungiyar ISC2 tana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyar kafin ta ba da satifiket ɗinta na tsaro mai suna CISSP, tana yafe shekara ɗaya ga mai digiri ko mai wani satifiket daga jerin da ta amince da su. Shekara ɗaya ce tak, ko ka kawo digiri da satifiket huɗu.

Mataki na 8: Tabbatar bayan kowace jarrabawa

Takardar da ake ba ka ko ake nuna maka a allo bayan kammalawa sakamako ne kawai. Ajiye ta, amma abin da ake ƙirgawa shi ne wanda ya shiga asusunka. Bayan kwana biyu zuwa uku, shiga ka duba abu uku: jarrabawar ta bayyana, satifiket ɗin da ya kamata ta haifar ya fito, ranar mutuwarsa tana rubuce. Kwafi ranar zuwa jadawali, ka sa tunatarwa biyu a waya, ɗaya wata shida kafin lokaci, ɗaya wata guda. In mako ya wuce babu komai, rubuta wa sashen taimako, ka haɗa da lambar rajistar jarrabawar da ranar da ka zauna.

In wani abu ya gagara

In katin bankinka ya ƙi biyan dala, nemi takardar biya, wato voucher, daga cibiyar horo ko ta jarrabawa da kamfanin ya amince da ita, a biya su da naira. Tambayi abu biyu kafin ka ba da kuɗi: yaushe take mutuwa, kuma an yi ta ne don ƙasar da za ka zauna? Na masu talla a Telegram da rabin farashi, ka bar musu kayansu, haka ma tambayoyin sata da suke sayarwa. In aka kama ka ana iya soke duk abin da ka tara, kuma a tsarin da jarrabawa ɗaya ke riƙe da satifiket uku ka san abin da hakan ke nufi.

In wuta da intanet ɗin gidanka ba abin dogaro ba ne, je cibiya ka zauna, ko da sai ka yi tafiya zuwa wani gari. In dole sai a gida, gwada manhajar OnVUE, wadda ake zama jarrabawar da ita daga gida, a kwamfutar da za ka yi amfani da ita, a ɗakin, a daidai irin lokacin, kwana biyu kafin ranar, ka kuma gaya wa mutanen gida kada kowa ya turo ƙofa, ko da sallama.

In kuɗin jarrabawa ɗaya kawai gare ka a bana, koma jadawalin, ka ɗora yatsa a layin da ya fi yawan haruffa, ka tambayi kanka ko ka taɓa yin aikin da take tambaya da hannunka. In ka taɓa, ita za ka biya. In ba ka taɓa ba, buɗe asusun gwaji na kyauta, ka yi wata biyu kana kafawa kana rushewa, ka gwada tambayoyin gwaji na Microsoft Learn har sai sun daina ba ka mamaki, sannan ka zaɓi rana.